Saba biyu, RAID 5, ajiyewa na jan ƙafa: ina matsalar take?

Nura: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman taimakon masu sani. Ni ke kula da kwamfutocin wani asibiti mai zaman kansa a nan cikin Katsina. Muna da saba biyu, wato manyan kwamfutocin da ke riƙe bayanan asibitin, Dell R720 na hannu, kowace da katin PERC H710 mai sarrafa faya-fayai da faifai shida masu 2TB, 7200 rpm, an haɗa su RAID 5, tsarin da ke haɗa faya-fayai su zama ɗaya tare da kariya in ɗaya ya mutu. Proxmox ke kansu, manhajar da ke raba saba zuwa ƙananan kwamfutoci da ake kira VM, DRBD kuma yana kwafe duk abin da aka rubuta a ta farko zuwa ta biyu. Manhajar asibitin da rumbun bayananta na MySQL suna cikin VM ɗaya a kan ta farko. Tun da zafin nan ya kankama abu ya canza. Buɗe fayil ɗin majiyyaci lafiya lau, nan take yake fitowa. Amma da an danna ajiyewa, rasit ne ko sakamakon gwaji ko takardar magani, sai abin ya yi ta juyawa sakan biyar, wani lokaci goma. Da safe layin wajen biyan kuɗi har bakin ƙofa, ga mutane riƙe da marasa lafiya. Wutar kowane faifai kore ce. CPU bai kai kashi 20 ba, RAM ma akwai saura da yawa. Me zan duba?

Sadiq: Wa alaikumus salam Yaya Nura. Ni dai ina ganin faya-fayan ne suka tsufa. A cire su a zuba SSD, faifan filashi mai sauri, magana ta ƙare.

Injiniya Lawal: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sadiq, dakata tukuna, a fara gano ciwon. Nura, ka auna saurin rubutun? Da mi ka auna?

Nura: Ranka shi daɗe na auna a cikin VM ɗin, da dd if=/dev/zero of=gwaji bs=1M count=1000. Ya ba ni sama da 800 MB a sakan. Abin da ya ɗaure min kai ke nan. Faifai na gudu haka, amma rasit ɗaya ya ƙi ajiyuwa.

Injiniya Lawal: Wannan lambar ba ta faifai ba ce, ta RAM ce. Linux ya karɓi bayanan ya riƙe a memori, ya ce wa dd an gama, sai daga baya ya riƙa sauke su a hankali. Lambar da kanta ta tona kanta. In wayar da ke tsakanin sabobinka ta gigabit ɗaya ce, iyakar abin da za ta ɗauka bai wuce 115 zuwa 118 MB a sakan ba. To ta ina 800 ta bi ta isa saba ta biyu?

Kuma ko ka gyara dd ɗin, ba shi ne gwajin da kake buƙata ba. Zuba ƙaton fayil a jere aiki ne daban. Rumbun bayanai ƙananan rubutu yake yi nan da can, kuma kowane ɗaya sai ya tsaya ya ji an ce ya sauka. Gwada wannan in asibitin ya ɗan yi sauƙi:

fio --name=gwaji --filename=gwaji.bin --size=1G --rw=randwrite --bs=4k --iodepth=1 --direct=1 --fsync=1 --runtime=60 --time_based

Ka lura da kyau, a kan fayil za ka yi shi. Kada ka kuskura ka nuna masa /dev/sda ko makamancinsa, zai rubuta a kan bayanan mutane.

Hajiya Binta: Bari in ƙara daga ɓangaren MySQL, don Nura ya ga yadda abin ke taruwa. InnoDB, injin ajiyar MySQL, a yadda yake zuwa, innodb_flush_log_at_trx_commit yana kan 1. Ma'ana duk wani ciniki da aka kammala, wato rukunin rubutun da ake ajiyewa tare a matsayin aiki ɗaya, sai an tilasta wa rajistarsa sauka kan faifai kafin a ce wa manhaja an gama. In binlog, wata rajistar canje-canje ta daban, a kunne yake kuma sync_binlog yana kan 1, ga wani jiran na biyu. Yawancin manhajojin asibitin da na gani ba sa haɗa aikinsu cikin ciniki ɗaya. Rasit guda sai ya taɓa teburin kuɗi, teburin majiyyaci, teburin kayan magani, rajistar wanda ya yi aikin, kowane da nasa ajiyewar. In kowane jira milisakan ɗaya ne ba wanda zai lura. In ya koma milisakan 25, ajiyewa 50 sau jira biyu ya zama sakan biyu da rabi ga mutum ɗaya. Ƙara masu karɓar kuɗi da 'yan lab da 'yan famasi duk a lokaci guda, ga sakan goman da kake gani. Karatu kuwa daga RAM yake fitowa, shi ya sa buɗe fayil bai nuna komai ba.

Nura: Na gode Hajiya. Na yi fio ɗin yanzu bayan la'asar. Rubutu 38 a sakan, matsakaicin jira milisakan 26.

Aminu Funtuwa: Malam Nura turo min lambar da ke jikin faya-fayan. Ina tsoron kada SMR ne. Irin waɗannan layukan rubutunsu hawa juna suke yi, in za a canza kaɗan sai an sake rubuta na kusa da shi. Da farko suna gudu, da wurin ajiyarsu na wucin gadi ya cika sai su durƙushe. A 2020 an yi ta hayaniya a kan haka, lokacin da aka gano wasu WD Red masu 2TB zuwa 6TB SMR ne alhali ana sayar da su don akwatunan ajiya na netwok (NAS), har kamfanin ya fito da Red Plus don ware na CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa juna. Har yau ana kawo mana saba na hannu an cika su da faifan da aka samu kawai.

Nura: Na duba Alhaji Aminu, duk SAS ne na saba, da tambarin Dell a jiki, iri ɗaya su goma sha biyun.

Aminu Funtuwa: To ba SMR ba ne. Na janye wannan.

Injiniya Lawal: Lambar 38 ɗin nan ta faɗi abu da yawa. Faifai mai 7200 rpm yana zagaye ɗaya cikin milisakan 8.3. In ka haɗa da lokacin da allura ke neman wuri, da ƙyar yake yin ƙananan ayyuka 75 zuwa 100 a sakan. A RAID 5 kuma ƙaramin rubutu ɗaya aiki huɗu ne: a karanto tsohon bayani, a karanto tsohon lissafin kariya, a rubuta sabon bayani, a rubuta sabon lissafin kariya. RAID 6 shida ne, RAID 10 biyu. Faifai shida sau 80, 480 ke nan, raba huɗu, 120. Wannan ma in ayyuka da yawa na tafiya tare. In ɗaya bayan ɗaya ne kamar gwajinmu, sai an karanta, a jira faifan ya zagayo, sannan a rubuta, ka ga milisakan ashirin da wani abu. Daidai abin da ka samu.

Amma RAID 5 ɗin nan bara ma shi ne, kuma ba ka yi kuka ba. Abin da ke rufa masa asiri shi ne memorin da ke kan katin, 512MB a H710. Wannan lamba taka ta RAID 5 ce tsirara, ba memori a gabanta. Yi perccli64 /c0/vall show ka gaya mani abin da ke ƙarƙashin Cache, sannan perccli64 /c0/bbu show all.

Nura: Cache: RWBD. Batir kuma Optimal. Na ƙara da pveperf, gwajin sauri na Proxmox, a kan sabar da kanta, FSYNCS/SECOND, wato yawan rubutun da ake tabbatar ya sauka a sakan, ya ba ni 2,600 da 'yan kai.

Mustapha Daura: To kun gani, kati lafiyarsa ƙalau. Netwok ne. Na sha ganin haka a cibiyarmu ta ɗalibai, kebul ya ɗan lalace sai katin netwok ya sauka zuwa 100 ba tare da ya sanar da kowa ba. Yi ethtool ka gani. Kuma DRBD ɗin ta ina yake bi, waya ce kai tsaye ko ta suwic ɗin asibitin?

Nura: ethtool ya nuna 1000Mb/s, Full, a duka biyun. Ping tsakaninsu milisakan 0.2. Ta suwic ɗin asibitin yake bi, tare da kowa.

Mustapha Daura: Ai ga ta nan. Kyamarorin tsaro da kwamfutocin ofis da DRBD duk a hanya ɗaya.

Hajiya Binta: Malam Mustapha, gaskiya ne ya kamata a raba musu hanya, R720 ma ƙofofin netwok huɗu take zuwa da su, kebul ɗaya daga wannan zuwa waccan ya isa. Amma yi lissafin. Rubutu 38 sau 4KB bai kai 200KB a sakan ba. Wannan ko tsohuwar waya mai 10 za ta ɗauka. Ping kuma 0.2 ne, jiran da muke nema 26. Ba a hanya lokacin ke tafiya ba.

Injiniya Lawal: Nura, buɗe fayil ɗin tsarin DRBD, wace protocol aka sa? Kuma umarnin nan biyu da na ba ka, a kan wace saba ka yi su?

Nura: C ce. A kan ta farko na yi, tunda ita ke ɗauke da VM ɗin.

Injiniya Lawal: Shiga ta biyu ka maimaita.

Nura: Inna lillahi. Ta biyu RWTD. Batir: Failed. pveperf 44.

Injiniya Lawal: Alhamdu lillahi, ciwo ya fito. A protocol C, DRBD ba ya ce wa VM an rubuta sai faifan nan da faifan can duk sun amsa. Ta farko tana gama nata cikin ƙasa da milisakan ɗaya, sai ta zauna jiran 'yar uwarta. Sabar da ba wanda ke shiga, wadda ake ganin zaman jiran ko-ta-kwana kawai take yi, ita ke yanke saurin asibitin gaba ɗaya. Duk mai kulasta, wato sabobin da aka haɗa su yi aiki tare, ya riƙe wannan. Ceph, wani tsarin kwafe bayanai tsakanin sabobi, ma haka yake, sai duk kwafin sun amsa.

Sadiq: Baba Injiniya a yi haƙuri, ni ɗalibi ne. Mene ne haɗin batir da sauri? Na ɗauka batir don in an ɗauke wuta ne kawai.

Injiniya Lawal: Tambaya mai kyau, ɗana. Katin yana da hanya biyu ta karɓar rubutu. WB ɗin da ka gani a RWBD, kati ya karɓa ya sa a memorinsa ya sallami mai rubutu nan take, sannan ya tattara su ya jera su ya sauke kan faifai a tsanake. Sau da yawa ma yakan haɗa ƙananan su cika layi guda, sai ya huta da karance-karancen nan na RAID 5. WT kuwa, ba ya sallamar kowa sai abin ya sauka kan faifai da gaske.

Ka san yaron shago da ke rubuta bashi a tafin hannu in kasuwa ta cika, sai an lafa ya shigar littafi? Ciniki na sauri, amma in ya wanke hannu kafin ya shigar, bashin ya tafi, kuma mai shago bai ma san an ci ba. Memorin kati haka yake, da wuta ta yanke abin da ke ciki ya goge. Batirin H710 aikinsa ya riƙe wuta na ɗan lokacin da za a kwashe abin da ke memori zuwa filashin da ke kan katin, in wuta ta dawo a ƙarasa rubutawa. Da kati ya ga batirinsa ba zai iya wannan ba, da kansa yake komawa WT. Ba lalacewa ya yi ba, kare bayananka yake yi.

Shi ya sa ma a wancan nau'in kulastan, inda saba biyu ke raba akwatin faifai ɗaya kowace da nata katin, ake kashe WB gaba ɗaya sai in katunan biyu na kwafe wa juna memori. In saba ɗaya ta faɗi da rubutu a memorinta, ɗayar za ta ɗauki faya-fayan tana zaton komai ya sauka.

Mustapha Daura: To ai gyaran minti biyu ne. Akwai zaɓin Force WB with no battery a tsarin katin. Kunna shi a ta biyu, gobe da safe layi ya watse. Malam Nura kuna da inbata da UPS ko?

Nura: Akwai inbata da sola, akwai UPS a ƙasan rak ɗin, janareta kuma na asibitin gaba ɗaya.

Mustapha Daura: Kariya hawa uku ke nan. Me ɗan batirin nan da bai kai akwatin ashana biyu ba zai ƙara? Kuma ta biyu ce fa, ba ita ke da ainihin bayanan ba. Ni tawa haka take tafiya tun bara ban ga komai ba. Marasa lafiya na tsaye a layi, mu kuma muna nan muna tsoron abin da bai faru ba.

Hajiya Binta: Malam Mustapha, damuwarka da mutanen da ke layi daidai ce, ni ma ita ce damuwata. Amma ban yarda da wannan hanyar ba ko kaɗan. UPS yana kare ka daga yankewar wutar gari ne kawai. Ba ya kare ka daga wanda ya taka waya, ko soket da ya ƙone, ko UPS ɗin kansa ya yanke lokacin da ake juyawa daga inbata zuwa janareta, wanda duk mun san yana faruwa in batiransa sun kwana biyu. Kuma ɗakin da zafinsa ya kashe batirin kati, me ya yi wa batiran UPS ɗin da ke ƙasan rak ɗin? Yaushe aka gwada su da kaya a kai?

Maganar cewa ta biyu ce ita ta fi tayar min da hankali. Ka ɗauka an tilasta WB, wuta ta yanke wa ta biyu da rubutu a memori. Ta riga ta ce wa DRBD ta ajiye. DRBD ya yarda, bai sa alamar komai a wuraren ba. In ta tashi za su haɗu, ka duba ka ga UpToDate/UpToDate, hankalinka kwance. Alhali akwai ramuka a kwafin, ba wanda ya sani. Sai ranar da ta farko ta mutu, ranar da aka sayi ta biyun dominta, ka tayar da MySQL ya ce shafuka sun lalace. Gara ka san ba ka da kwafi da ka zauna kana zaton kana da shi.

Mustapha Daura: Hajiya ai akwai drbdadm verify mai kwatanta kwafin biyu. In wuta ta yanke sai a yi.

Hajiya Binta: Akwai, in an sa verify-alg, kuma in mutum ya san ta yanke. Ƙarfe ukun dare saba ta mutu ta tashi da kanta, Nura na gida. Sannan karanta terabait goma a kan faya-fayan da ke aiki ba abin awa ɗaya ba ne. Cibiyarku in an rasa wani abu a sake loda manhaja a sake jera ɗalibai. Nan rukunin jinin mutum ne da maganin da jikinsa ba ya karɓa.

Mustapha Daura: Na ji. Amma ba ku ba shi mafita ba. Batirin nan ba a Katsina za a same shi ba. Kafin ya iso sai mutane su ci gaba da tsayuwa?

Sadiq: A mayar da shi protocol A mana, tunda ita ba ta jira.

Injiniya Lawal: Za ta rage, don A da faifan nan ya amsa ta kuma sa rubutu a layin aikawa take sallama. Sai dai layin nan yana da iyaka, in ta biyu ta kasa bi ya cika, jiran ya dawo. Wata hanyar a yi drbdadm disconnect da safe, a haɗa da dare. DRBD yana riƙe taswirar wuraren da suka canza, su kaɗai zai aika. Illarta, yini guda kana kan saba ɗaya, kuma lokacin da ake daidaitawar nan ta biyu Inconsistent take, in ta farko ta faɗi a wannan tsakanin ba ka da ko ɗaya mai kyau. Ban so ta ba sai in ba wata.

Hajiya Binta: Ga wadda zan yi in ni ce. A bar DRBD yadda yake, a bar katin yadda yake. A MySQL a yi SET GLOBAL innodb_flush_log_at_trx_commit=2, ba sai an sake tayar da shi ba. Maimakon jira a kowane ciniki, zai riƙa saukewa kusan sau ɗaya a sakan. In ba a amfani da binlog wajen kwafi zuwa wata saba, sync_binlog ma a sassauta shi na wannan lokacin. In mafi muni ya faru, abin da za a rasa cinikin kamar sakan ɗaya ne na ƙarshe, rumbun kuma zai tashi lafiya.

Mustapha Daura: To ai ke ma kasada kika kawo Hajiya. Tawa kasada, taki kasada.

Hajiya Binta: Kasada ce, ban ɓoye ba. Bambancin, tawa na san girmanta kuma na san inda za a neme ta: rasit ɗaya ko biyu na daidai lokacin da abin ya faru, mai karɓar kuɗi ma zai iya nuna su. Taka ba wanda zai iya cewa ga abin da ya ɓace, ko yaushe. Kuma Nura, kada ka yanke wannan kai kaɗai. Ka je wurin mai asibitin ka gaya masa da Hausa: ga abin da ya lalace, ga kuɗin gyara, ga abin da za mu iya rasawa kafin kayan su iso. Shi ke da haƙƙin cewa eh ko a'a. Ka kuma riƙa ɗaukar kwafin rumbun zuwa wata kwamfuta ta uku sau da yawa a rana. DRBD ba kwafin ajiya ba ne, in aka goge tebur a nan, a can ma ya goge a wannan sakan ɗin.

Aminu Funtuwa: Maganar batir, zan sa a duba Beirut Road a Kano, in babu sai Computer Village a Ikeja. Turo hoton takardar da ke jikinsa don a kawo mai lamba iri ɗaya. Shawara biyu. Ka sayi biyu, don sabobin tare aka kawo su, na ta farko ma sa'ansa ne. Sannan ka sa a duba shekarar da aka ƙera shi. Akwai wanda ake cewa sabo ne a leda, amma ya shekara bakwai a kan kanta. Batirin lithium ko ba a taɓa sa shi ba yana tsufa. In ka cire tsohon ka ga ya kumbura, kada ka matsa shi, kada ka jefa a shara da takardu.

Injiniya Lawal: Kafin a sa sabo, mi ya kashe tsohon? Nura, AC ɗin ɗakin yana kwana a kunne?

Nura: A'a ranka shi daɗe. In aka kashe janareta da dare inbata ba ya ɗaukar AC, sabobin kawai yake riƙewa. Ta biyun ita ce a sama a rak ɗin. Na duba iDRAC, na'urar sa ido ta cikin sabar, iskar da ke shiga tana kai 38 da dare.

Injiniya Lawal: To ka gani. Ma'aunin da aka tsara wa R720 shi ne 10 zuwa 35, masu ɗakunan saba kuma 18 zuwa 27 suke nema. Wannan iskar da ke shiga ce, a cikin akwatin inda katin yake ya fi haka nesa. Watan Afrilu a Katsina, ɗaki a rufe, saba biyu na hura zafi har asuba. In ba a gyara wanga ba, sabon batirin ma ba zai daɗe ba, faya-fayan kuma na biye. Ƙaramin AC mai inbata na ɗakin kaɗai, ko aƙalla fankar da ke fitar da iska waje. A buɗe sabobin kuma a hure ƙurar hunturun da ta wuce, na tabbata tana nan a kan fankokin.

Sadiq: Ni har yanzu ina kan SSD ɗina. Kuma me zai hana a koma Ceph gaba ɗaya tunda yana cikin Proxmox?

Injiniya Lawal: Ceph saba uku yake so aƙalla, da netwok na gigabit goma, kuma yana son ganin kowane faifai kai tsaye, abin da H710 ba ya bayarwa yadda ya zo. Ba na wannan ɗakin ba ne. SSD kuwa kana da gaskiya, amma ba kowane ba. Na laftof ba shi da kafasitocin da ke riƙe wuta, don haka duk fsync sai ya sauke da gaske, wasu ma da wurin saurinsu ya cika sai su zube. Na saba irin Samsung PM883 ko Intel S4510 suna da wannan kariyar a jikinsu, suna amsawa nan take kuma ba ƙarya suka yi ba. Araha ba ta ado. Nura, rumbun naku nawa ne girmansa?

Nura: Bai kai 90GB ba. Hotunan awo da takardun da aka sikana ne ke cin wuri, su ma ba su kai 2TB ba.

Injiniya Lawal: To don mi ake biyan harajin RAID 5 saboda 10TB da ba a amfani da su? SSD biyu na saba masu 480GB a RAID 1 a kowace saba, rumbun ya koma can. Faifai shidan nan a mayar da su RAID 10, 6TB ya ishe ku shekaru. Ranar da batir ya sake mutuwa za ka ji, amma asibiti ba zai tsaya ba.

Mustapha Daura: Nan kam ban tare da kai Injiniya. SSD huɗu na saba a kuɗin dala na yanzu, ga rushe RAID a sake ginawa a saba biyu, duk don batirin da za a iya canzawa. In an sa batir an gyara sanyi, RAID 5 zai koma yadda yake bara. Mai asibiti zai tambaya me ya sa zai kashe wannan kuɗin bayan abu ya gyaru, kuma tambayarsa daidai ce.

Hajiya Binta: Mayar da shi RAID 10 ba ya cin ko kwabo, lokaci kawai yake ci, kuma amfanin saba biyu ke nan: a fara tabbatar girman DRBD ɗin bai wuce 6TB ba, a rushe ta biyu a gina, DRBD ya cika ta, a juya aiki kanta, a yi wa ta farko. SSD ɗin na yarda zai iya jiran kasafin baɗi. Abin da ba zai jira ba shi ne sa ido. Ɗan rubutu a cron, mai tayar da aiki a kan lokaci, da zai duba perccli duk awa a kan sabobin biyu, in ya ga WT ko batir ba Optimal ba ya turo saƙo a Telegram. Layi goma ne.

Nura: Barkanmu da warhaka. Ga inda aka kwana. Mai asibitin ya amince da shawarar Hajiya, muka sa 2, aiki ya yi sauƙi sosai a ranar. Batira biyu sun iso ta hannun Alhaji Aminu, Allah ya saka da alheri. Na kashe ta biyu na canza, tsohon ya kumbura har ledarsa ta ɗaga. Da na kunna bai koma WB nan take ba, sai da ya yi awanni yana caji, sannan da kansa ya nuna RWBD. pveperf a kanta yanzu 2,500. fio a cikin VM ya tashi daga 38 zuwa sama da 1,100. Na mayar da MySQL kan 1, na ja kebul kai tsaye tsakanin sabobin don DRBD. An kuma amince da ƙaramin AC. Hajiya don Allah a taimaka min da rubutun cron ɗin.

Hajiya Binta: Madalla. Zan turo maka da daddare. sync_binlog fa, ka mayar da shi 1? Kuma in ka taɓa my.cnf, fayil ɗin tsarin MySQL, ka duba can ma, kada ya koma 2 in an sake tayar da shi.

Nura: Na mayar, my.cnf ban taɓa shi ba. Saura batirin ta farko. Ina so in juya VM ɗin kan ta biyu daren Asabar bayan isha'i, lokacin ba mutane sosai.

Injiniya Lawal: Allah shi taimaka. Kafin ka juya, ka sa verify-alg ka bar drbdadm verify ya gama, ka ga out-of-sync sifili ne, ka kuma ɗauki kwafin rumbun ka gwada loda shi a wata kwamfuta. In verify bai gama ba zuwa Asabar, ka ɗaga zuwa ta sama.